Ranar da Na Shiga Tankin Kifi da Shadda

Aikin tankin kifi wahala ce, kuma ba irin wahalar da ake yi wa mutum sannu a kanta ba. Shekara goma sha wani abu ina yin sa a wani gidan cin abinci na 'yan Sin a nan Maryland ta Amurka, masu dafa kifi da ƙaguwa da sauran kayan teku. Yanzu idan sanyi ya shigo yatsuna ba sa dunƙulewa. Amma duk Juma'a in an idar da salla a masallacin Lanham, sai yaran nan masu tuƙin haya da waya sun tare ni: "Baba Sale, kai ka more! Kana cikin sanyin na'ura kana kallon kifi, ana biyan ka." To ga yadda kallon yake. Wanda ya karanta ya ga yana so, ya zo in ba shi takalmin robana.

Ni ɗan Gumel ne. Kifin da na sani kafin in zo ƙasar nan banda ne, baƙi, a naɗe, an soke shi da tsinke. Ban taɓa zama na yi tunanin yana da rai kafin ya zama haka ba. Boko kuwa a aji huɗu na firamare muka rabu, ba faɗa. Da na zo, wanke-wanke na samu a bayan kicin, ina ciki har ranar da tsohon da ke kula da tankuna, sunansa Lau, ya nuna ni da yatsa ya miƙo min koma, 'yar ragar kamun kifi mai ƙota. Ba ya jin Turanci, ni ma lokacin nawa bai wuce na gaisuwa ba. Da hannu ya koya min aikin, da kuma ƙotar komar, wadda yake ƙwala min a bayan yatsu in na yi ba daidai ba.

Ƙaguwar farko da na kama, ta gaba na kama ta, kamar mai gaisawa da surukinsa. Ita ma ta gaishe ni. Na zabga salati har sai da masu tuya suka leƙo daga kicin. Lau bai ko yi sauri ba. Ya zo ya tsoma hannuna cikin ruwa da ita a maƙale, ta sake ni don kanta, sannan ya ɗauke ta ta baya da yatsu biyu ya ɗaga min a gaban hanci. Ya ƙara min da ƙota ɗaya. Tabon yana nan a babban yatsana, kuna iya gani ranar Juma'a.

Tankunan a bakin ƙofa suke, na gilashi, an jera su wani kan wani kamar kantar shago, don mai shigowa ya fara ganin abincinsa yana iyo. Na ƙasa ruwan daɗi ne, na karfasa da tarwaɗa, waɗannan 'yan gida ne, ba su da rigima. Na sama ruwan gishiri ne mai sanyi ƙarara, na ƙaguwa da lobsta, wata kunamar teku ce mai girman damtse. Na tsakiya shi ne ɗakin amarya: kifayen teku masu ɗigo-ɗigon ja, waɗanda ake kawowa a jirgin sama, sun fi ni gata a hanya. Gishirin ruwansu aunawa ake yi. Sanyinsa aunawa ake yi. Kayan aikina koma ce, da bokiti, da buroshi, da safar hannu ta roba, da almakashi, da wata wuƙa mai faɗin allo. Ka kama, ka buga, ka kankare, ka farke ciki, ka wanke, ka miƙa wa mai dafawa kafin naman ya san an yi masa rasuwa.

Amma abin da Lau ya fi dukana a kai ba aikin hannu ba ne, na kunne ne. Kowane tanki yana da ɗan injin da ke hura masa iska ta siririn tiyo, kana ganin kumfa na tasowa. Kumfar nan ita ce numfashinsu. In ta tsaya, za ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki kamar masu roƙon ruwa, kafin ka je ka dawo sun fara juya ciki sama. Lau yakan sa ni in juya wa tankunan baya in rufe ido, ya je ya toshe tiyo ɗaya, ya jira in nuna wanne ne. In na kuskure, ƙota. Na sha ta har kunnena ya buɗe. Yanzu ko ina tsakiyar farke kifi, in kumfar wani tanki ta canza murya, ina ji a ƙeyata, kamar yadda uwa ke tsinto kukan ɗanta a kasuwa.

Dalilin duk wannan abu ɗaya ne: a wurin mutanen nan mataccen kifi ba kifi ba ne. Idan mai cin abinci ya zaɓi nasa, sai ka kamo shi ka sa a bokiti, ka kai har teburinsa, ka ɗan rusuna, ka karkata bokitin ya ga yana motsi. Ka tsaya a haka. Sai ya gyaɗa kai sannan ka wuce kicin. Bai gyaɗa ba, ka koma ka kamo wani. Na yi wannan rusunawar sau ba adadi, har ta zauna min a baya.

Wata tsohuwa mai zuwa duk Lahadi ita ta koya min haƙuri. Za ta tsaya gaban tankin karfasa, kifi sun fi talatin duk kamarsu ɗaya, ta nuna guda. Ka kamo, ta ce ba shi ba, wancan. Kifi na ganin ka mai jar koma, sai ya shige ƙarƙashin 'yan uwansa. In ka samo shi da ƙyar, sai ta sa farce ta ɗan yagi gefen wutsiyarsa, don in an kawo a dafe ta duba ko an musanya mata. Turawa su kuma a cire musu kan kifin suke so, wai yana kallon su. Namu 'yan gida in sun shigo, su leƙa tankin sama su ce a'uzubillahi, su ci soyayyiyar shinkafa su tafi.

Shekarar korona aka rufe gidan. Kowa ya zauna a gida ban da ni, don kifi bai ji sanarwa ba. Kullum in fito daga unguwarmu Greenbelt, jirgin ƙasa fayau ba kowa, in buɗe ƙofar baya in shiga. Kujeru a kife kan tebura, ba ƙarar komai sai kumfa. Ba mai saye, kifi kuma ba ya jira. Suka riƙa mutuwa ɗaya-ɗaya ina tsamewa. Daga ƙarshe Madam, mai gidan, ta zo da takunkumi a fuska ta ce a dafa abin da ya rage a raba wa ma'aikata. Na kai wa maiɗakina Binta wata ƙatuwar ƙaguwa wadda sai manyan 'yan kasuwa ke ci. Ta buɗe leda, ta rufe, ta ce in ina son zaman lafiya in fita da gizo-gizon nan. A shekarar Lau ya koma wurin 'yarsa, bai dawo ba. Ya bar min komarsa rataye a ƙusa.

Duk shekarun nan ban taɓa zama a gidan na ci abinci ba. A tsaye muke ci, a bayan kicin, kusa da buhunan shinkafa. Sau ɗaya na zauna, shi ma ga yadda ya ƙare.

'Yata Ummi ma'aikaciyar jinya ce a Largo. Wani yaro Nasiru ya fito yana son ta, injiniya, ɗan wani babban likita ɗan Kano. A gida da ƙannen iyaye ne za su yi ta kai-komo, amma nan ƙanena yana Gumel. Sai aka ce iyayen yaron suna so a zauna a ci abinci a ga juna. In Likita ya gamsu zai aiko da goro, in bai gamsu ba, to shi kenan. Uwar yaron kuwa, Hajiya, an ce tun farko ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ummi ta so a je wani wuri. Na ƙi. Na ce duk faɗin Amurka gida ɗaya ne in na shiga wani zai miƙe ya gaishe ni, wato gidan da nake aiki. Kuma Shifu, babban mai dafa abincinmu, ya yi min alkawarin sabon kasko, ba alade ba giya, don ya san ni. Ummi ta dube ni. Hausarta ta nan ce, takan ɗauko magana da Hausa ta dire ta da Turanci. Amma wannan karon duk da Hausa ta faɗa, da haka na san ba wasa.

"Baba, sun san aikinka, ban ɓoye ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zauna."

"To da tashi sama zan yi?"

"Sunan ɗan Malam Habu, a ina ka ƙare?"

"Mutane sun yi yawa ne, na ɗan taya su kwashe faranti."

"Walimar bara fa?"

Binta ta ce, "A gindin tukunya, yana rabon nama da hular salla."

Ummi ta ce, "Daga farkon abinci har ƙarshe. Ko cokali ne ya faɗi, ka bar shi. Kai ne uban yarinya ranar."

Na ce wannan ai ba komai ba ne. Zama dai? Wa zama ya taɓa kayarwa?

Ranar Lahadi da rana aka sa. Na ɗauki hutu, Ramon abokin aikina ɗan ƙasar Salbado ya karɓi tankuna haɗe da nasa aikin. Na sa babbar rigata ta shadda mai ruwan sararin sama, wadda aka ɗinko min daga Kano, da hula zanna. Da muka sauka daga motar Ummi sai ƙafata ta nufi lungun baya inda ake zuba shara, sai da Binta ta jawo ni ta hannun riga. Na shiga ta ƙofar gaba. Madam ta fito da kanta tana "Mista Sale, Mista Sale," masu kai abinci suna ƙunshe dariya. Ta kai mu babban tebur mai faifan gilashi a tsakiya, wanda ake juyawa abinci ya zo gabanka. A al'adarsu babban baƙo ke fuskantar ƙofa, mai masauki ya ba ta baya. Sai aka zaunar da Likita yana kallon tankuna, ni na ba su baya. Na ce alhamdu lillahi, abin da ido bai gani ba.

Likita mutum ne mai sanyin magana, da farin tabarau. Ya tambaye ni Gumel, ya ce ya taɓa aiki a Haɗeja yana saurayi. Hajiya ta sha leshi da mayafi mai duwatsu. Ta kalli tankin sama ta ce wa Binta, "Wancan ai kunama ce ta samu wuri ta yi ƙiba." Aka yi dariya. Aka kawo shayi, aka kawo romo. Kwanuka suka taru a gaban Nasiru ba a kwashe ba, hannuna ya fara ƙaiƙayi, na tura shi ƙarƙashin cinya na zauna a kai. Ummi ta gani ta yi murmushi. Na ce a raina, Sale, ashe kai ma babban mutum ne, dama ce ba ka samu ba.

Likita ya ajiye kofin shayi ya gyara zama. Ya ce, "To, Malam Sale, dalilin wannan zama namu..."

A nan ƙeyata ta yi sanyi.

Gidan cike yake, ana ta hayaniya, yara na gudu, faranti na ƙara. Amma cikin muryoyin kumfa ɗaya ta ɓace. Ta tsakiya. Ɗakin amarya.

Na ce ƙila kunnena ne. Na kafa wa bakin Likita ido, ina ganin yana motsi, ba na jin komai. Na ɗan karkata wuya kamar mai gyaran hula. Ruwan tankin ya kwanta lumui, ba ɗigon kumfa, jajayen nan sun fara tasowa suna buɗe baki. Na nemi Ramon, yana can ciki yana farke kifi. Na ɗaga wa wata mai kai abinci gira, ta ɗaga min babban yatsa ta wuce, ta zaci yaba shayi nake. Binta ta taka min ƙafa. Na dubi Ummi. Ta girgiza kai a hankali.

Wallahi na yi ƙoƙari. Na ce kifin Madam ne, ba na ubana ba. Na ce yau ba ranar aikina ba ce. Na sake leƙawa, sai na ga guda ya fara kwanciya ta gefe.

Na ce, "Likita, a gafarce ni, ina zuwa."

Sabo turken wawa. Na zaci filogi ne ya zare, in mayar in dawo kafin shayi ya huce. Ashe injin ne ya ƙone, har yana wari. Dole a kwashe su a raba wa wasu tankunan ruwan gishiri. Na ƙwala wa Ramon kira, na zari komar Lau, na hau ɗan benci. Wanda ya ƙirƙiro babbar riga bai taɓa kama kifi ba. Na naɗe hannun a kafaɗa, ya zubo cikin ruwa. Na sake naɗewa, ɗayan ya zubo. Na bar su. Na sunkuya tankin sama zan jawo tiyon iska, hulata ta faɗa ciki, wata ƙaguwa kuma ta samu aikin wuyan rigata ta riƙe. Ina fizga tana fizga. Yaran mutane suka kewaye ni, manya suka ɗaga wayoyi.

Sai na ji an ce a bayana, "Baba, ina zan kai wannan?"

Nasiru ne. Ya tuɓe kwat, ya riƙe bokiti da hannu biyu nesa da jikinsa kamar wanda aka ba jaririn wani. Na manta ko ɗan wane ne. Na ce, "Tankin ƙarshe, hagu! A hankali, kai, ba kunu kake juyewa ba!" Ya ruga. Ya dawo na sake cika masa. Takalminsa mai sheƙi yana ta caɓal-caɓal a ruwa.

Muka kwashe su duka. Guda ɗaya ne ya galabaita, wanda ya fara kwanciya, ba zai kai yamma ba. Dokar gidan, irin wannan a dafa shi yanzu yana da sauran rai. Madam ta ce in kai teburina, kyauta ce. Na sa shi a bokiti. Ban san lokacin da ƙafafuna suka yi aikinsu ba. Na dai tsinci kaina a gefen Likita, na rusuna, na karkata masa bokiti, ruwa na ɗiga daga shaddata. Kifin da na ce ya galabaita ya tattara ƙarfinsa na ƙarshe ya kaɗa wutsiya. Ruwan ya sauka kan mayafin Hajiya.

Sai a lokacin na ga kaina: uban yarinya, ba hula, a rusune, yana jiran a gyaɗa masa kai. In miƙe, kunya. In tsaya, kunya. Ummi ta sa fuska cikin tafukanta.

Likita ya gyara tabarau, ya leƙa bokitin sosai kamar an kawo masa mara lafiya. Ya ce, "Yana da rai." Ya gyaɗa kai. Na wuce kicin.

Shifu ya turara shi da citta da lawashi, ya kwarara masa tafasasshen mai. Madam ta juya faifan har kan kifin ya fuskanci Likita, girmamawa ce a wurinsu. Na koma kujerata na zauna, yanzu kam na zauna, tafki na taruwa a ƙarƙashina. Likita ya ci sosai. Hajiya ta ci shinkafa tana goge mayafi. Ba wanda ya koma kan dalilin zaman. Ni kuwa ina jin Ummi a gefena kamar murhu.

A wajen ajiye motoci aka yi sallama. Na fara haɗa ban haƙuri, Likita ya katse ni.

"Malam Sale, kuna da tankin kifi a gida?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

"Madalla. To Asabar mai zuwa ƙanena zai zo da goro. A gida."

Hajiya tana shiga mota ta ce wa Binta, "Ni dai tunda na haifi Nasiru ban taɓa ganin sa da bokiti ba. Kofin da ya sha shayi ma sai an bi shi an ɗauke." Har yau ban sani ba, yabo ne ko ƙara ta kai.

Ummi ta ja mota, muka hau babban titi muka shiga cunkoso. Ta ce, tana kallon gaba, "Abu ɗaya, Baba."

Na ce, "Na sani."

"Ɗaya tak."

"Ai na zauna daga baya."

Binta ta fashe da dariya a kujerar baya har tana tari. Ummi ta cije leɓe ta riƙe tata, ta riƙe, ta kasa. Da ta lafa ta dube ni ta ce, "Ina hularka?"

Washegari Litinin na bi jirgin farko daga Greenbelt, na shiga ta ƙofar baya. Hular tana ƙasan tankin sama, ƙaguwa ta hau ta zauna a kai. Na ɗauke ta ta baya da yatsu biyu, na tsamo hular da koma, na matse na rataye a ƙusar Lau. Na ɗaura wa tankin tsakiya sabon inji, na mayar da jajayen ɗakinsu. Sannan na juya musu baya, na rufe ido, na saurara.